Kafin Mabiyiya Ta Faɗo

Shekaru da yawa aikina shi ne fassara da karanta shirin lafiya a gidan rediyo a Kaduna. Likita takan kawo takardarta da Turanci, mu zauna da ita mu nemi Hausar da tsohuwa a ƙauye za ta gane ba sai ta tambayi kowa ba, wadda kuma magidanci zai ji a gaban iyalinsa bai miƙa hannu ya kashe rediyo ba. Shirin haihuwa ya fi kowanne cin lokacinmu. Kalmomin suna nan, kowace mace ta san su, amma ba a saba jin su da ƙarfi ba.

A ƙarshe muka tsayar da matakai uku. Na farko, daga lokacin da naƙuda ta kankama har bakin mahaifa ya gama buɗewa. Shi ne mai tsawo, a haihuwar fari yakan ci yini guda. Na biyu, daga nan har jariri ya fito. Na uku, faɗowar mabiyiya, wato naman nan da cibiya ke haɗe da shi, wanda ta cikinsa jariri ke samun abinci, tsofaffin gidanmu suna kiransa uwa. Likitar ta sa na ja layi a ƙarƙashin jimla ɗaya: idan aka yi rabin awa mabiyiya ba ta faɗo ba, ko kuma jini yana zuba da yawa, kada a jira komai, a tafi asibiti. Ban san sau nawa na karanta wannan jimla ba. Har inda zan ja numfashi a cikinta na sani.

'Yata ta fari ba a hannuna ta tashi ba. A gidanmu cikin Birnin Zazzau, kamar gidaje da yawa, ana kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya, ba ta nuna ta damu da lamarinsa. Da aka yaye ta sai Yayata, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta ɗauke ta. Yaya take kira Umma, ni kuwa Anti. In zan yi maganarta sai in ce 'yar Yaya. Ba wanda ya tsaya a kaina ya ce sai na yi haka. Abin da na ga mahaifiyarmu ta yi wa Yaya ke nan, na kuma ga ana yaba mata a kai. Ƙannenta uku a Kaduna na raine su, da su nake faɗa, da su nake dariya. Ita kuwa tsakaninmu gaisuwa ce a durƙushe, da saƙon atamfa da nake aikawa ta hannun Yaya lokacin salla.

Ta yi aure a Gyallesu. Da cikinta ya shiga wata takwas mijinta ya kawo ta gida goyon ciki, wajen Yaya, wadda ta dawo gidan mahaifinmu tun bayan rasuwar mijinta. Da watan haihuwa ya kama na ɗauki hutu na zo. A fili na ce na zo duba Yaya ne, ƙafarta tana damunta. Kowa ya san dalilin zuwana, ba wanda ya faɗa.

'Yar tana zuwa awo, ba ta taɓa fashi ba. Na ga katin a kan akwatin Yaya, na karanta shi a tsaye lokacin da ba kowa a ɗakin, na mayar yadda na same shi. Da yamma na ce wa Yaya, "In abin ya zo, asibiti za a kai 'yarki."

"To, na ji," in ji Yaya. "Ai ba mu ƙi ba."

Ita 'yar tana zaune kusa da mu tana gyaran shinkafa. Ban dube ta ba, ba ta dube ni ba.

Ranar wata Laraba ce a tsakiyar damina. An kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi, tsakar gida duk taɓo. Ina zaune a ƙofar ɗaki ina shan koko na ga ta fito da tsintsiya. Ta share gaban madafa, ta tsaya, ta dafa bango, ta sunkuyar da kai kamar mai neman abin da ya faɗi. Can ta ci gaba da shara. Aikin rediyo ya saba mini da duban agogo, ko magana nake yi ido ɗaya yana kansa. Na duba. Bayan minti takwas ta sake tsayawa, wannan karon turmi ta dafa. Bayan bakwai ta sake.

Na tashi na sami Yaya a madafa.

"Yaya, ki tambayi 'yarki. Kamar naƙuda take yi."

Yaya ta leƙa ta ce, "Ke, lafiya kike?"

"Lafiya lau, Umma. Bayana ne ya ɗan riƙe."

Yaya ta juyo gare ni. "Kin ji. Baya ne. Kwanciya ce ba ta yi daidai ba."

Daga baya na ji cewa tun kafin asuba ciwon ya fara, kuma faya ta fashe tana banɗaki, ruwan ya zube, ta wanke jikinta ta sake zane ba ta gaya wa kowa ba. Ita ma nata kunyar take yi. An koya mata cewa 'yar gidan mutunci ba ta raki a haihuwar fari, ba a jin muryarta, in da hali ma sai dai a ji kukan jariri. Da na matsa kusa da ita na ce, "Tun yaushe? Ruwa ya zubo?" na tabbata da ta gaya mini. Tambaya biyu ce. Na yi wa likitoci tambayoyin da suka fi su nauyi a gaban makirufo, duk Arewa tana ji.

Na koma na zauna. Na ce wa kaina mataki na farko ne, mai tsawo ne, akwai lokaci.

Wajen ƙarfe goma saura ta shiga ɗakin Yaya ba ta fito ba. Yaya ta bi ta, ta fito da sauri mayafinta a hannu.

"Kai ya sauko. Ba inda za a je da ita a haka."

Ta aika matar ƙanenmu ta kira ungozoma, gida uku ne tsakaninmu. Tsohuwar ta zo tana dogara sanda, ƙullin kayanta a hammata. Ita ta yanke cibiyar rabin unguwar, har da ta wadda ke durƙushe a ɗaki. Iya muke kiranta. Ta gan ni tsaye da agogo a hannu ta yi dariya.

"A'a, 'yar rediyo, ashe kina gari. Labaran duniya za ki karanta mana? Matsa, uwar 'yar fari ba ta tsayawa a ƙofa. Je ki hura wuta."

Na je na hura wuta. Na ɗora ruwa a babbar tukunya. Daga madafa zuwa ƙofar ɗakin taku goma ne, labule kuma na yadi ne marar kauri, ina jin komai. Ina jin Iya tana cewa, "Yi nishi, yi nishi, jikata, saura kaɗan." Ita kuwa ko tari ban ji ta yi ba.

Ƙarfe goma da minti ashirin jariri ya yi kuka.

Matar ƙanena ta ɗaga hannu za ta toshe hanci ta yi guɗa, Yaya ta leƙo ta harare ta. Ba a guɗa, ba a cewa an sauka, sai uwa ta faɗo. A wannan tsofaffinmu da likitoci bakinsu ɗaya: haihuwa ba ta ƙare ba. Inda suka rabu shi ne tsawon jiran.

"Me aka samu?" na tambayi matar ƙanena a hankali.

"Mace, Anti. Ƙatuwa."

Na ce alhamdu lillahi, na duba agogo.

Minti goma suka wuce. Na ji Iya ta ce a kawo kwalba. Aka wanke kwalbar lemo aka miƙa, na ji ana hura ta, sautin yana fita kamar na iska a bakin tulu. Wannan tsohuwar dabara ce, wai nishin zai turo mabiyiya. Minti ashirin. Aka nemi muciya, za a sa mata a baki ta yi yunƙurin amai. Yaya ta fito ɗauka, na tare ta.

"Yaya, jini fa?"

"Da sauƙi."

"Kamar yaya?"

"Irin na haihuwa. Ke ba ki haihu ba ne?"

Ta koma. Ban zarge ta ba a lokacin, yanzu ma ban zarge ta ba. Yaya ba ta taɓa haihuwa ba, ba ta san iyakar jinin haihuwa ba, kuma a bakinmu mai jinya kullum da sauƙi yake, ko da ana shirin yi masa wanka ne. Tambayata ta shiga ɗaki a bakin wata, amsar ta fito a bakin wata, a hanya duk abin da nake buƙatar sani ya zube.

Ƙarfe sha ɗaya saura goma rabin awa ya cika. Na sani sarai. Na matsa jikin labule na yi magana da muryar da ba ta fi raɗa ba.

"Iya, lokaci ya wuce. A fito da ita mu tafi asibiti."

"Wane lokaci?" in ji Iya daga ciki. "Uwa ba ta san agogo ba. Na ga wadda ta kai azahar, ta faɗo lafiya lau, yau jikokinta takwas. Ke dai ji da ruwan zafinki."

"Yaya," na ce.

"Bari mu ƙara gwadawa kaɗan," in ji Yaya. "Kada a fita da yarinya a haka lungu cike da maza."

Sai na koma madafa. Wannan shi ne abin da na yi, ba zan gyara shi ba. Ba ƙyaure a ɗakin, labule ne kawai. Ba wanda zai riƙe ni. Abin da nake gani a raina shi ne yadda za a ba da labari gobe a gidajen suna: wai uwar da kanta ta kutsa ɗakin haihuwar 'yar fari, boko ya cire mata kunya. Na tsaya ina tura itace cikin wutar da ba ta buƙatar itace.

Yaya ta fito da roba an rufe da murfin kwano, ta nufi bayan ɗaki. Ta dawo ta ɗauki wani zane daga igiya. Bayan ɗan lokaci ta sake fitowa da robar. Na ƙirga. Zane na uku ke nan.

Sai na ji muryar 'yar, karo na farko tun da ta shiga. Ba kuka ba ne. A natse ta yi magana, kamar mai tambayar abin cefane.

"Umma, hadari ne ya sake haɗowa? Ɗakin ya yi duhu."

Rana ta fito tun ƙarfe goma, tana kan labulen ma. Ƙarfe sha ɗaya da minti goma ne. Na ɗaga labule na shiga.

Tana jingine da bango a kan tabarma, an shimfiɗa leda da tsummoki a ƙarƙashinta. Leɓɓanta sun yi fari. Gumi a goshinta, amma da na taɓa hannunta sanyi ƙalau. Jaririyar tana gefe a cikin zane, cibiyarta ba a yanke ba, har yanzu tana haɗe da abin da bai fito ba. Iya ta naɗe cibiyar a yatsu tana ja a hankali.

"Iya, sake ta," na ce. "Kada ki ja."

"La ilaha illallahu. Yau na ga abin da ban taɓa gani ba. Fita, ke!"

"Ba zan fita ba. Ki yanke cibiya."

"Ba a raba ɗa da uwa kafin ta faɗo. In ta koma ciki fa?"

"To ki ɗaure ta yadda ba za ta koma ba, amma ki yanke. Yanzu za mu fita da ita."

Iya ta dube ni, ta dubi tabarmar. Tsohuwa ce mai taurin kai, amma ta ga haihuwa fiye da duk wanda na sani, kuma ina jin ita ma ta fara tsorata tun kafin in shigo, ba ta dai sami wanda zai ɗauke mata nauyin faɗa ba. Ta kwance ƙullinta ta fiddo sabuwar reza da zare. Ta ƙulle wuri biyu, ta yanke a tsakani, ragowar ta ɗaure a cinyar mai haihuwar da tsumma.

Na kwantar da 'yar, na tura filo a ƙarƙashin ƙafafunta, na sa tafin hannuna a ƙasan cibiyarta ina murzawa kamar yadda likita ta kwatanta a shiri, don mahaifa ta tsuke. Ban taɓa yi ba, karantawa kawai na yi. Rabona da taɓa jikinta tun tana goye. Ta buɗe ido ta gan ni, ta yi ƙoƙarin jawo zane ta rufe ƙirjinta.

"Anti, sannu," ta ce.

"Yi shiru. Kada ki yi barci."

Na ɗaga murya na kira ƙanenmu, wanda ke ɗinki a zaure, na ce ya samo adaidaita sahu ya tsayar a bakin lungu. Mota ba ta shiga lungunmu, adaidaitar ma ba ta shiga, mutum biyu in sun haɗu sai ɗaya ya karkata. Na ce wa matarsa ta buga wa mijin 'yar waya ta gaya masa mun tafi asibiti, ya same mu can. Ta ce, "In ce ana neman izininsa?" Na ce ta faɗa masa yadda na faɗa.

A bargo muka ɗauke ta, mu huɗu har da wata maƙwabciya, kowa da kusurwa ɗaya, Yaya da ciwon ƙafarta a ciki. Iya ta biyo mu da jaririya. A zaure ƙanena da wani maƙwabci suka karɓi kusurwoyin gaba, suna kau da kai. Lungun ya yi santsi, kwata ta cika ta malalo. Mazan da ke zaune a dakali suka miƙe suka juya fuska ga bango har muka wuce. Takalmina ɗaya ya maƙale a taɓo na bar shi.

A cikin adaidaita kanta yana kan cinyata, hannuna yana kan cikinta. Muka fita ta Ƙofar Doka. Duk ramin da muka faɗa sai in ji ɗumi ya ƙaru a zanena. Ina ta yi mata magana don kada ta tafi, na rasa abin faɗa, sai na riƙa tambayarta karatun Islamiyya, tana amsawa da kyar, daga baya ta daina amsawa.

A ɗakin haihuwa wata nas mai tabarau ta tare mu. Yaya ta fara, "Wallahi lafiya lau ta haihu, sai dai ɗan abin da ba a rasa ba..."

Na katse ta. Na ce, "Haihuwar fari ce. Jariri ya fito ƙarfe goma da minti ashirin. Mabiyiya ba ta faɗo ba. An ja cibiya. Zane uku sun jiƙe a gida, ga na huɗu. Ta fara ganin duhu sha ɗaya da minti goma, ta daina magana a hanya. Ga katin awonta, rukunin jininta yana ciki."

Kafin in rufe baki an turo gado, wata tana neman jijiya a hannunta, wata ta ruga kiran likita. Nas ɗin tana rubutu ta ce, "Hajiya, ma'aikaciyar lafiya ce ke?"

"A'a."

"Mece ce ke a wurinta?"

Yaya tana tsaye kusa da ni. Shekara ashirin da uku ba a taɓa yi mini wannan tambaya a gabanta ba.

"Ni na haife ta," na ce.

Nas ɗin ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. "Kin san duk wannan, har da minti, kika zauna da ita a gida?"

Ba ta jira amsa ba, ta bi gadon.

Aka ce ana buƙatar jini. Aka gwada nawa ya yi daidai, aka ɗiba. Mijinta ya iso a kan babur ko hula babu, shi ma aka ɗibi nasa. Muka zauna a benci a baranda, ni da Yaya da Iya, jaririyar tana hannun Iya tana tsotsar yatsa. Aka kira azahar a masallacin asibiti. Iya ta sunkuya tana yi wa jaririyar magana.

"Ke kuma kin zo da rigima. Ko ruwa ba a ba ki ba kin tara mutane."

Wajen ƙarfe biyu likita ya fito, saurayi ne, da alama ya gaji. Ya ce sun sa ta barci sun ciro mabiyiya da hannu, wani ɓangare ne ya manne a jikin mahaifa. Jinin ya tsaya. Ta zubar da mai yawa, za ta daɗe ba ƙarfi, amma suna sa ran za ta tashi. Na tambaye shi ko da mun zo da wuri da abin bai kai haka ba. Ya ce mannewar ba laifin kowa ba ce, ko a asibiti ta haihu sai an ciro da hannu. Jinin da ta zubar kafin a zo kuwa, ya ce, wannan lokaci ne. Ya faɗa ba tare da zafi ba, ya wuce.

Aka miƙo mana mabiyiyar a baƙar leda. Iya ta karɓa da hannu biyu, ta ce ita za ta wanke ta ta binne a bayan ɗaki yadda aka saba. Sai a lokacin Yaya ta fashe da kuka.

Kwana biyar 'yar ta yi a asibiti. Yaya ke kwana da ita, ni ina zuwa da safe da abinci. A rana ta uku Yaya ta fita alwala, aka bar mu mu biyu da jaririya. Tana kwance, fuskarta ta faɗa, idanunta sun yi zuru-zuru. Na zuba mata shayi ina juyawa.

"Anti."

"Na'am."

"Umma ta ce tun ina shara kika gane."

"Haka ne."

"Kuma kina jin mu daga madafa."

"Ina ji."

Na ci gaba da juya shayin da sukarinsa ya riga ya narke.

"Ina jin shirinki," ta ce. "Duk ranar da ake yi. Na san maganar rabin awa. Ina kwance ina lissafi, na ce yanzu Anti za ta shigo. Da ba ki shigo ba sai na ce to ƙila bai cika ba ne."

Na ajiye cokali. Na yi tunanin in ce Iya ce ta hana, ko Yaya ce ta ce a ƙara jira. Duka gaskiya ne.

"Ya cika," na ce. "Na sani lokacin da ya cika. Kunya na ji."

Ta daɗe tana kallon silin. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba, ba mu saba irin wannan magana ba. Can ta ce, "Shayin zai huce." Na tallafo kanta ta sha.

Ranar da za a sallame ta likita ya yi mana gargaɗi. Jininta bai dawo ba, zuciyarta tana aiki fiye da ƙima. Kada a yi mata wankan jego da tafasasshen ruwa, kada a kwantar da ita a gadon da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, kada a ba ta kunun kanwa. Ruwa mai ɗumi ya isa. Yaya ta ce to. Na san irin wannan to ɗin.

Da muka iso gida na tarar an kafa babbar tukunya a kan murhu a bayan ɗaki, an tara itace har rabin bango, ga ganyen darbejiya an jiƙa. Dangin mijinta ne suka aiko da itacen, kamar yadda ake yi. Mata sun cika tsakar gida, 'yan barka, har da gwaggonninmu biyu da surukarta. Iya tana tsaye kan tukunyar tana ba da umarni, ruwan yana tafasa.

"Ku shigo da ita ta huta kaɗan," in ji Iya. "Kwana biyar ba ruwan zafi, jikin nan ɗanye ne. In ba a gasa shi ba sanyi zai shige ta."

Yaya ta matso kusa da ni ta rage murya. "Ki bari, zan sirka mata a ɓoye in sun tafi. Kada ki yi magana a gaban surukai."

Na san Yaya za ta yi niyya. Na kuma san Iya za ta tsoma hannu a ruwan ta ce wannan na wankan jariri ne, a ƙaro, Yaya kuma ba za ta iya musa mata ba har kwana arba'in.

Na tsaya a tsakiyar gida na yi sallama da muryar aiki, wadda ake ji har zaure.

"Likita ya hana ruwan zafi, ya hana kanwa. Jininta bai dawo ba, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Ba za a yi mata ba. Ni zan riƙa yi mata wanka da kaina, safe da yamma."

Gwaggo babba ta riƙe haɓa. "Ke? 'Yar farin taki?"

"Ni, Gwaggo."

"Oh ni. Zamani."

Surukarta ta dubi ƙasa. Wata daga baya ta yi 'yar dariya ta rufe baki da mayafi. Na san kafin magariba labarin zai kai Gyallesu, kuma ya kai, har yau akwai gidan da in na shiga ake ɗan yin shiru.

Iya ta dube ni tun daga sama har ƙasa. "To, likitar rediyo. Itacen mutane fa? A mayar musu?"

"A dafa abincin suna da shi."

"In sanyi ya kama ta, kada a zo ƙofata."

"Ba za a zo ba, Iya."

Ta yi tsaki, ta zare itace biyu daga murhu ta tsoma su a kwata. Na ɗebi ruwan a bokiti, na sirka da na randa, na gwada da gwiwar hannu, na ƙara na randa. Na ɗauka na nufi banɗaki. 'Yar tana zaune a bakin gado, Yaya tana kwance mata ɗankwali. Na ce ta taso a hankali, ta dafa ni. Ta dafa kafaɗata, muka ratsa tsakar gida a gaban kowa, tana tsayawa tana hutawa duk bayan taku uku.